Zuga-zugi na jiranka

A shekarar 2009 ina riƙe da aji shida a wata makarantar ƙauye cikin gundumar Mayahi, ba nisa da Gulbin Kaba. Darasin ranar a kan ƙarafa ne. Na rubuta a allo abin da littafi ya ce: ƙarfe yana da nauyi, yana da tauri, yana ɗaukar zafi, yana tsatsa in ya sha ruwa. Yara suka maimaita sau uku kamar yadda muka saba. Ina shirin share allo sai wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu. Ɗan maƙerin garin ne, yaro marar yawan magana, wanda kullum rigarsa ke da ƴan hudojin tartsatsin wuta.

Faransancinsa bai kai ya ɗauki tambayar ba, sai ya yi ta da Hausa. Ya ce, "Mushe, in ƙarfe tauri gare shi, don mi in Baba ya gasa shi ya tura cikin toka ya kwana sai ya yi laushi har magagari ya ci shi, in kuwa ya tsoma shi ruwa sai ya yi tauri ya karye kamar kwalba? Ai ƙarfen guda ne."

Ban san amsar ba. A makarantar horon malamai ta Maradi an koya mana tsara darasi da cika rajista da riƙe aji, amma babu wanda ya taɓa yi mana wannan zancen. Abin da ya kamata in ce shi ne zan tambayo. Girman kai ya hana. Na ce masa, "Ka bar zancen maƙera a maƙera. In ba ka maida hankali ga karatu ba, zuga-zugi na nan na jiranka." Aji ya fashe da dariya. Yaron ya zamna, ya sunkuyar da kai. Har ya bar makarantar bai sake ɗaga hannu ba.

Da ruwan farko ya sauka a watan Yuni, na fita ƴar gonar da aka ara mini da hauyar da na saya a kasuwa. Kwana biyu ruwan hauyar ya tsage daga baki. Dole ta kai ni maƙera. Na iske tsohon a rumfarsa gaban uwar maƙera, ɗalibina kuwa yana zaune kan zuga-zugi yana zuga gawayin ƙirya. Muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, ya juya hauyar a hannunsa ya ce wanda ya ƙera ta ya ba ta ruwa bai maida ta wuta ba. Ban gane ba, shi ma ya ga ban gane ba.

Sai ya ɗauko guntun sifirin na tsohuwar mota, irin faifan ƙarfen nan masu lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin mota bisa taya, ya datse shi gida uku, ya sa duka a wuta har suka yi ja. Na farko ya tura shi cikin toka. Na biyu ya cafke da awartaki ya tsoma a ruwa. Na uku ya tsoma a baƙin man mota, ya goge shi da dutse har ya yi haske, ya riƙe shi nesa kaɗan da garwashi yana dubawa, har launin busasshiyar ciyawa ya hau kansa, sannan ya janye. Ya ɗora na ruwan bisa uwar maƙera ya ba shi masaba ɗaya, ya tarwatse. Na man ya sha masaba uku, ko gezau. Na tokan ya ce in dawo gobe in gani, da na dawo kuwa ya lanƙwasa shi a gabana kamar ɗanyen kara.

A ranar ce ya ce mini, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Malam, an ce ka ce zuga-zugi na jiran ɗana. Gaskiya ka faɗa, yana jiransa, gadonsa ne. Yadda ake yi ni zan koya mishi, ba sai ya je lakkwal ba. Abin da ya sa na kai shi wurinka, in ji ko ku masu takarda kun san dalili." Na ce, "Baba, ban sani ba." A gaban yaron na faɗa, amma na makara da wata uku.

Dalilin ya fara zo mini daga inda ban zata ba. Ina da kawu a Katsina wanda ya yi aiki a kamfanin mulmula ƙarfe na garin. An buɗe kamfanin a 1982, ɗaya daga cikin uku irinsa da Najeriya ta gina a lokacin, sauran biyun a Jos da Oshogbo, kuma a wancan zamanin daga Aladja da ke kudu ake kawo musu sandunan ƙarfe su maida su rodi da waya. Da na je gaishe shi a hutu na ba shi labarin, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai mu ma maƙera ne, masabarmu ce kawai ke juyawa."

Ya ce sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu, kaurin cinyar babban mutum, ita ake sawa a tanda har zafinta ya kai wajen digiri 1200. Ba ta narke ba, don ƙarfe zalla sai ya kai 1538 yake narkewa, amma ta yi laushi. Daga nan sai ta bi ta tsakanin manyan gammunan ƙarfe biyu masu juyawa, su matse ta, ta ƙara tsawo ta rage kauri, ta wuce ga na gaba su ma su matse, haka har ta fito a ƙarshe siririya tana gudu kamar maciji. Abin da maƙeri ke yi da masaba sau ɗari, injin na yi a wucewa ɗaya. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Cort, shi ya yi rajistar irin wannan injin mai kwarmi a 1783.

Sannan ya faɗi abin da ya buɗe mini ido. Ya ce a ɗakin gwaji na kamfanin akan yanki ɗan guntu a goge shi har ya yi ƙyalli, a ɗiga masa ruwan asid, a sa shi ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Abin da za ka gani, in ji shi, kamar ƙasan tabkin Tasawa ne a watan bazara, in laka ta bushe ta tsattsage gida-gida. Ashe ƙarfe tarin ƴan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace da iyakarta, ido ba ya ganinsu. Daga baya, da wayar hannu mai intanet ta shigo hannuna, na karanta cewa wani mutumin Sheffield, Henry Sorby, shi ya fara ganinsu haka wajen 1863. Sauran bayanin da ke biye ma a karatu na tsinto shi kaɗan-kaɗan, ina gwada shi da abin da na gani a rumfar tsohon.

In aka bugi ƙarfe ko aka matse shi, ƙwayoyin nan suna baje, su miƙe, cikinsu ya cukurkuɗe. In da sanyi ake bugun, haka za su zauna a cukurkuɗe, ƙarfen ya riƙa ƙara tauri yana rasa juriya har ya tsage. Kowa ya taɓa ganin wannan: ɗauki waya ka lanƙwasa ka miƙe, ka lanƙwasa ka miƙe, za ka ji wurin yana ƙara tauri, can sai ya karye. In kuwa da zafi ne, ƙarfen yana ja, to da an baje ƙwayoyin sai sababbi ƙanana su tsiro a madadinsu nan take, marasa cukurkuɗa, a sake matsewa su sake tsirowa. Shi ya sa ake iya maida sanda mai kaurin cinya ta koma waya ba ta tsage ba. Karin maganar nan da muke yi, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ashe bayanin kimiyya ne tsaf.

Girman ƙwayoyin shi ne babban al'amari. Gwargwadon ƙanƙantarsu, gwargwadon ƙarfin ƙarfen da juriyarsa. Wasu masana biyu a Ingila, Hall a 1951 da Petch a 1953, su suka fitar da lissafin haka. Yadda na fahimce shi, lanƙwasa tana tafiya ne cikin ƙwaya kamar akuya a gona, sai ta iske iyaka ta tsaya. Babbar gona ɗaya akuya za ta ratsa ta a guje, ƴan lambuna hamsin kowane da darninsa kuwa sai ta sha wuya. Amma zafi yana da nasa sharri: in ƙarfe ya daɗe a wuta mai tsanani ba a buge shi ba, ƙwayoyin suna haɗiye juna su yi manya, ƙarfen ya yi rauni. Don haka masu yin ƙarfe mai ƙarfi na musamman ba su gama mulmula da tsananin zafi. Sukan bari ya ɗan huce kafin matsa ta ƙarshe, kuma su sanyaya shi da awo. Suna kuma zuba wani sinadari mai suna niyobiyom, ƙasa da giram 1 a kowane kilo, wanda ke hana ƙwayoyin girma. Yau mafi yawansa daga Barazil yake fitowa, amma a shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haƙo dutsensa, a filayen kuza na Jos inda kakannin wasunmu suka je cin rani. Irin wannan ƙarfen ake naɗewa a yi manyan bututu, kamar na ɗanyen man da ya taso daga Agadem ya nufi gaɓar teku a Benin, tafiyar kusan kilomita 2000. Tsohon maƙerin bai san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma na ga yana rage ƙarfin masaba in jan ƙarfe ya fara dushewa, yana tsayawa kafin ya yi baƙi, kuma ba ya barin aiki ya kwanta a wuta yana hira.

Saura tambayar yaron, toka da ruwa. Amsarta tana ga kabon, sinadarin da gawayi ya ƙunsa. Rodin gini yana da wajen giram 2 na kabon a kowane kilo, sifirin na mota 5 zuwa 6, ƙarfen titin jirgin ƙasa, irin wanda ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maradi, 7 zuwa 8. In zafi ya wuce digiri 727, tsarin cikin ƙwayoyin yakan fara sauyawa, kabon ya narke a ciki kamar gishiri a ruwa. In aka bar ƙarfen ya huce sannu cikin toka, kabon na samun lokacin fita ya jeru a natse, ƙarfen ya yi laushi. In aka tsoma shi a ruwa, babu lokaci, kabon ya maƙale inda yake, ƙwayoyin su ƙage a takure, ƙarfen ya yi tauri ƙwarai amma ba ya jure bugu. Maida shi wuta kaɗan, abin da mai hauyata bai yi ba, shi ke sassauta takurar. Launin da tsohon ke jira ma'auni ne: na busasshiyar ciyawa wajen digiri 230, shuɗi wajen 300. Akwai ma wata alama mai sauƙi: a digiri 770 mayen ƙarfe yakan daina kama ƙarfe, in ya saki, to an kusa kai zafin tsomawa.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne sanin cewa wannan sana'a da na yi wa yaro gori da ita ta girmi makarantar da nake taƙama da ita da dubban shekaru. Masu tonon tarihi sun samu alamun aikin ƙarfe a Termit, gabashin ƙasarmu, tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A 2019 hukumar UNESCO ta sa tsofaffin wuraren dafa tama na Burkina Faso cikin kayan tarihin duniya. A shekarun 1960 wata mai bincike ƴar Faransa, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran Adar har ta ɗauki fim ɗin yadda suke dafa tama. Tandarsu ba ta narkar da ƙarfen ya zama ruwa. Dunƙule take bayarwa haɗe da kashin maƙera, sai an yi ta bugunsa da zafi dattin ya fita, ƙarfen ya haɗe. Da tsofaffin motoci suka yawaita aka bar dafa tama, amma sanin wuta da launi da bugu yana nan a kowace rumfar maƙera daga Kanambakashe har Korgom. Mu malamai muna wucewa ta gabansa kullum da littafin kimiyya a hammata.

Wani zai ce wannan duk labari ne, me ya shafi iyaye? Ga abin da ya shafe su. A watan Nuwamba 2021 gobara ta tashi a azuzuwan kara a birnin Maradi, yara sama da 20 suka rasu, Allah Ya jiƙan su. Lokacin an maida ni wata makaranta a gundumar Tasawa, mu ma muna da azuzuwan kara biyu. Iyaye suka taru suka ce ko aji ɗaya ne sai an gina da siminti. Aka yi karo-karo bayan girbi, mai tiya biyu ta gero, mai kaza, mai jika guda. Aka sayo rodi. Kun san yadda yake zuwa, mita 12 a ninke biyu don ya shiga mota. Wata safiya na iso na iske magini ya hura wuta, yana gasa wurin ninkin har ya yi ja, ya miƙe shi, yaronsa na kwara masa ruwa don a samu a ɗauka da wuri. Rodin da za a sa a dogarin saman ƙofa da tagogi ne, inda yara za su riƙa wucewa.

Na ce masa ya dakata. Ya ce, "Malam, kai da alli, ni da cokali. Shekara ashirin ina wannan aiki." Ban yi gardama ba, na tuna tsohon maƙeri. Na sa aka ɗauko wanda ya gasa ya kwara wa ruwa da wani da wuta ba ta taɓa ba, muka sa su a maƙalar lanƙwasa a gaban shugaban kwamitin iyaye. Wanda ba a gasa ba ya lanƙwasu lafiya. Gasasshen ya tsage daidai wurin da ya sha wuta. Aka yi shiru. Muka yanke shawara a datse wuraren ninkin a ajiye su don ƙananan ayyuka, a yi dogari da miƙaƙƙen kawai, aka ƙaro sanda biyu.

Dalilin a fili yake. Yawancin rodin zamani, da ya fito daga injin mulmula yana ja, ana feshe shi da ruwa na ɗan lokaci, bayansa ya yi tauri, sannan zafin da ya rage a cikinsa ya fito ya sassauta taurin, cikin kuwa ya zauna da laushi. A Beljiyam aka ƙago dabarar a shekarun 1970. Wato abin da tsohon ya yi da man mota da garwashi, shi injin ke yi cikin ƴan daƙiƙoƙi. Duk wanda ya maida rodi wuta ya rushe wannan tsarin: in ya huce sannu ya rasa ƙarfi, in an kwara masa ruwa yana iya yin gautsi, balle wanda aka yi da tarkacen ƙarafa ba a auna kabon ɗinsa da kyau ba. Ku da ke gini ko kuke cikin kwamitin makaranta, ku riƙe abu uku: kada a gasa rodi, kada a lanƙwasa a miƙe a sake lanƙwasawa a wuri ɗaya, kuma kafin a saya da yawa a gwada lanƙwasa guntu da sanyi, in ya tsage a bar shi.

Bara na gamu da ɗalibin nawa a Tasawa ranar kasuwa. Bai wuce aji shida ba. Yanzu magidanci ne, yana da rumfar walda, yana ƙera amalanke da garmar shanu da ƙofofi, da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Shi ya gane ni, ya taso da sauri yana "Mushe, Mushe", ya shimfiɗa mini tabarma ya aiko a kawo fura. Na ce masa ina da bashinsa na amsa tun 2009. Ya ce shi ya manta. Ban yarda ya manta ba, amma na zauna na biya shi, tun daga ƙasan tabki har zuwa gishiri a ruwa. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya yi shiru, can ya ce akwai abin da ya daɗe yana damunsa: in ya yi wa sifirin walda, ba a kan waldar yake karyewa ba, sai a gefenta kaɗan. Kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, Mushe. Gefen ya yi ja, sauran ƙarfen kuma da sanyi, ya janye zafin da sauri. Ke nan ƙarfen da kansa ne ya zame mishi ruwa." Haka ne kuwa, haka littattafan walda suka ce, kuma maganin da suke bayarwa shi ne a ɗumama ƙarfen kafin walda, a rufe shi ya huce sannu bayanta. Cikin minti ɗaya ya kai inda ni na yi shekaru kafin in kai.

A hanyar komawa gida na yi ta tunanin inda wannan kan zai kai da ya samu malamin da ya ce masa tambayarka ta yi kyau. Ban ce ni kaɗai na fid da shi daga makaranta ba. Akwai talauci, akwai nisan kwaleji, akwai buƙatar hannunsa a maƙera. Amma na san rabona a ciki.

Yanzu duk shekara in darasin ƙarafa ya zo, nakan kai ajina rumfar maƙerin garin da izininsa. Muna tafiya da guntun waya, da allurar ɗinkin buhu guda uku, da mayen ƙarfe da na ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo. Yara su karya waya da hannunsu, su ga allurar da aka tsoma a ruwa ta ɓalle, ta toka ta lanƙwasu, su ga maye ya saki jan ƙarfe. Maƙeri ya nuna yadda ake yi, ni in faɗi dalili, abin da ya gagare mu mu rubuta shi a bayan littafi mu tambayo. Ba ya cin ko dala. Ƴaƴan maƙera da a da ke ɓoye hannuwansu a ƙarƙashin benci, ranar su ne ke gaba suna yi wa ƴaƴan ma'aikata bayani.

Roƙona ga ƴan uwana malamai, mu daina yi wa yara barazana da sana'ar iyayensu, ko ƙira ce ko jima ko saƙa ko fawa. Iyaye kuma, in yaro ya dawo da tambayar da ta fi ƙarfinku, kada ku ce ya cika surutu, ku aike shi wurin wanda ya sani, ko da mai zuga-zugi ne. Da zan tashi daga rumfar ɗalibina ya ba ni sabuwar hauya, ya ƙi karɓar kuɗi. Ya ce wannan ya ba ta ruwa, ya kuma maida ta wuta. Da ita na yi noman bana.